Kwallin Sallau

Dungas, bayan ƙaramar salla, 1976

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya zaman Kano? Mu nan sai godiya.

Na sauka ran salla, namiji, ana ce masa Sallau. Ɗela ungozoma ta tafi Yekuwa, sai Innarka ce ta karɓi haihuwar. Ka san ta da sauri. Yaro na faɗowa ta sa reza ta yanke cibi, tun mabiyiya ba ta fito ba. Da Ɗela ta dawo ta yi ta faɗa, wai ita ba ta yanka sai cibi ya daina harbawa, don sauran jinin yaro na ciki. Maganar ta tsaya mini a rai.

Kwallin da ka aiko ya iso. Kullum Inna na ramɓaɗa masa, ta shafa har a cibi. Ya yi kyau ƙwarai, ya fi ubansa.

Taka,
Huraira

Dungas, bazarar 1977

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ni kam ba ni da kwanciyar hankali.

Sallau ya yi fari fat, tafin hannunsa kamar ƙullun gero. Ga kuka, ga ƙin nono. Ran Juma'a ya sanƙare a bayana, na kai shi likita a Magariya cikin amalanke. Lokotoro, wato babban likitan wurin, ya buɗe idon yaron ya ce jininsa kaɗan ne, ya tambayi wane ne ke sa masa kwalli. Wai irin wannan dutsen akwai darma a ciki. Yaro na murza ido ya tsotsi hannu, kuma jikin da ba jini ya fi shan dafin. Na tuna faɗan Ɗela kan yankan cibi.

Na haƙa rami na binne tandun kwallin. Inna ta ce kambun baka ne, maganinsa a ƙara kwalli, kuma da shi ta rene ka. Ni suruka ce, ina zan iya musu da ita?

Yau da na dawo daga rijiya na tarar da idonsa baƙi wuluk, yana tsotsar yatsa. Ashe Inna tana da nata.

Don Allah ka taho, maganarka kaɗai take ji. Kada ka jira damina, kuma kada ka riƙo mana tsaraba.

Taka cikin tsoro,
Huraira