Sifili Uku a Takardar Waliyyu

Jega, 14 ga Oktoba

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fatan ƙafar nan ta bar damunki. Yaya Baba, yaya mutanen Maiyama? Na zaɓi takarda ne don in na kira waya kalma biyu kike yi ki miƙa wa ƙanwata Kubura. To, Kubura, sai ki karanta mata a hankali, ban da tsallake layi irin naki.

Inna, aiki ya karɓe ni. A gidan da muke kula da samarin da suka bar shan ƙwaya, ni aka ba auna halinsu. Kowa da takardarsa: ya tashi kan lokaci, ya yi salla cikin jam'i, ya yi shara, sau nawa ya yi faɗa. Kullum ina ƙirgawa ina sa maki, wanda makinsa ya cika wata uku a sallame shi. Har shugaba ya ce biro na ba ya ƙarya, ni kuwa kaina ya kumbura.

Akwai wani Waliyyu, mutumin Danwarai, wanda ya koyi shan maganin tari wajen lodin albasa a Aliero. Makonsa na farko faɗa goma sha ɗaya na ƙirga masa, makon jiya ko ɗaya babu. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa fadama, kuma baffansa Ummaru ya ce in dashen albasa ya zo ba ya nan, wani za a ba aronta. Ba ya da zance sai na fadamar nan. Saura ziyarar gida kawai: uwarsa za ta zo, in zauna gefe in ga yadda suke da juna.

A gaishe min da kowa. Ɗiyarki,
Bushira

Jega, 9 ga Nuwamba

Innata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ga daddawar da Kubura ta aiko, Allah ya saka.

Waliyyu bai tafi ba. Uwarsa, Baba A'i, ta zo, na zauna da agogo minti ashirin kamar yadda takarda ta ce. Abu uku ake ƙirgawa: sau nawa ta kira sunansa, sau nawa ta dube shi, sau nawa ta yi masa magana. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ta juya ta yi ta hira da abokin ɗakinsa, tana tambayar ko ana ba su tuwo isasshe. Sifili uku na rubuta, na ƙara da cewa gidansu bai shirya karɓarsa ba. Kwamiti ya ƙara masa wata biyu.

Da aka gaya masa sai ya yi jifa da bokiti, ya ƙi cin abinci kwana biyu. Wannan ma na ƙirga, na nuna wa shugaba, na ce ga shaida bai warke ba. Raina ya ɗan sosu da na ga yadda ya rame, amma na ce aiki aiki ne.

Taki,
Bushira

Jega, 21 ga Disamba

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Kubura, wannan karon ki karanta ke da ita kaɗai.

Na yi abin kunya, na daɗe ina juya yadda zan faɗa. Madam Florence, nas ɗinmu mutumiyar Filato, ita ta ɗauki takardar Waliyyu tana dubawa, sai ta tambaye ni ko shi ne ɗan fari. Inna, ashe ɗan fari ne. Baƙuwa ce ta tuna min abin da na tashi cikinsa. Takardar ba ta da gurbin wannan tambaya, ni kuma ban yi ta ba. Maigadi ya ce ai ranar ziyarar Baba A'i ta ba shi ƙullin dakuwa da sabon takalmi, ta ce a ba yaron nan na Danwarai, ta wuce ba ta waiwaya ba.

Na hau mota na tafi Danwarai. Baba A'i ta kai ni bayan gida ta nuna min irin albasa da ta yafa masa da hannunta. Kwana arba'in tana ɗebo ruwa tana ba shi safe da yamma, mace mai ciwon baya, don ya dawo ya tarar da abin dasawa. Irin ya tsufa, ya yi rawaya, ya wuce dashe. Fadamar kuwa Ummaru ya jira har ya gaji, ya ba wani.

Na so ta zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Sai ta shimfiɗa min tabarma ta dama fura. Na yi mata bayani ina in'ina, ta ce ita ta ɗauka wani laifi yaron ya sake yi, tun ranar ba ta barci sosai. Har muka rabu ba ta kira sunansa ba.

Na dawo na faɗa wa kwamiti kuskurena a gaban kowa, aka sallame shi shekaranjiya. Sun yarda a gyara takardar, amma gyaran bai dawo da fadama ba. Bana lodin albasa zai koma a Aliero, wurin da ya koyi abin da ya kawo shi nan. Da zai tafi ya durƙusa ya yi min godiya, na kasa duban fuskarsa.

Akwai wata magana kuma. Ranar da muka gama makaranta, iyayen ƙawayena suna ta rungumar 'ya'yansu, ke kina can gindin dalbejiya kin juya baya kina hira da wata mata. Shekara shida ina riƙe da wannan a raina, ban faɗa wa kowa ba. Ban taɓa ƙirga cewa da ciwon ƙafarki kika taho tun daga Maiyama ba, kuma zanen da na ɗaura ranar ke kika ba Kubura ta kawo min, kika ce ta ce ita ta saya. Ashe tun kafin a ba ni biro nake irin wannan ƙirga. Ki yafe min.

Ba sai kin amsa ba, kuma ba sai kin karɓi waya ba. Ina nan tafe ranar Juma'a, zan zauna bakin ƙofar ɗakinki ki yi ta hirarki da Kubura.

Ni ce wadda kike ce wa
Yarinyar Nan