Kabewar da Auta Ya Bari a Gwangwani

Zuwa ga 'yata Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar mamanki ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani. Yayanki ya zo makon jiya da iyalinsa, suka share mana tukunya suka tafi. Ni kuma ga ni nan, baya na ciwo, ido na raguwa, bakin ne dai bai mutu ba. Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali duk Lahadi muna waya. Maganar ce ba ta fita a waya. Sau uku ina ɗauko ta, sai in ji kaina ina tambayarki ko an yi ruwa a wajenku.

Kin san abin da ya shiga tsakanina da ƙanenki Auta, amma daga bakin mamanki kika ji, ita kuwa kullum sai ta rage min laifi. Yau ki ji daga bakin mai shi. Yaron nan ya gama karatu, ya shekara biyu babu aiki, sai ya ɗauki fartanya ya shiga ɗan filin bayan kicin. Ya turo taki a baro, ya ja igiya, ya yi kunya huɗu, ya shuka wata 'yar kabewa doguwa koriya mai kama da kokwamba, wai ita zukini. Ni da na shekara arba'in ina ɗora bulo a rana don kada ɗana ya taɓa ƙasa, kullum in dawo in tarar da shi a tsugune yana ƙirga ganye. Ranar da wani tsohon abokin aikina ya leƙo ya tambaye shi cikin dariya ko wannan ne ofishin, sai idona ya rufe. Na tumɓuke su duka a gabansa, sun fara fure. Na gaya masa maganganun da ba zan iya rubutawa ba. Na kwaɓa siminti na daɓe filin nan tas. Duk a kan idon Auta, Mamana. Shi ne ma ya ɗebo min ruwan kwaɓin. Na shiga wanka, na fito babu shi babu jakarsa. Ta ƙofar baya ya bi, simintin bai kama ba, ya bar sawu uku duk suna kallon waje.

Yau shekara biyu da wata huɗu ke nan. Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba: sau biyu ana kirana ɗakin ajiye gawa a asibiti, a yaye min zane in duba fuskar ɗan wani. Duka biyun ba shi ba ne, amma har gobe idan na rufe ido sai in ga an yaye na uku.

Bana mamanki ta matsa a share ɗakinsa. A ƙarƙashin gado na tsinci gwangwanin madara, a ciki akwai ragowar iri guda tara a takarda, da ɗan littafi mai bango shuɗi. Duk abin da ya yi wa shukar nan ya rubuta, rana bayan rana, da ƙananan haruffan nan nasa da nake cewa kamar tururuwa ta faɗa tawada. Washegari na ɗauki guduma. Kwana uku na yi ina fasa daɓen da na yi da hannuna, kuma wallahi na yi shi da kyau, don sai da ya kusa karya ni. Wurin sawun kawai na bari. A ƙarƙashin simintin na tarar da turakunsa da igiyar da ya ja, tana nan a miƙe. A kan layinsa na shuka. Shida suka fito.

Tun daga nan littafin nake bi, ni da ban taɓa shuka ko albasa ba. Yana rubutu kamar mai yi wa kansa faɗa: kada ka manta da taki, kada ka yi gaggawa, a shayar da gindi ba ganye ba. Sai in ji kamar ni yake gaya wa, har na kama kaina ina amsawa da to, na ji. Ganyen ya yi faɗi kamar faranti, yana da ƙaiƙayi, kuma idan iska ta bi ta cikinsa da safe yana wani ƙara kamar mutum ya gyara tsugunno. Ba sau ɗaya ba na waiwaya da sauri. Wata safiya na fito da bokiti na hango bayan riga fara a tsakiyar kunyoyin, bokitin ya suɓuce min. Ashe shanya ce iska ta jefo daga gidan maƙwabta. Mamanki tana kallona ta tagar kicin, sai ta ja labule.

Sai furanni suka zo, manya masu ruwan ɗorawa, su buɗe da sassafe su rufe kafin rana ta take. A nan littafin ya tsaya. Layin ƙarshe cewa ya yi yau fure na farko ya buɗe, ya sa kwanan wata, kuma na san ranar. Sauran shafukan farare ne. Na ga furen iri biyu ne, wani da ɗan ƙaramin ɗa a bayansa, wani a kan siririn kara babu komai. Kin san halina, ba na jira a gaya min. Na ce waɗannan na banza ne, shan ƙarfin shukar kawai suke, na bi na tsinke su kaf. 'Ya'yan suka fara kai tsawon yatsa su yi rawaya, su ruɓe daga baki, su faɗi. Kullum da safe in tsince su in zuba a tafin hannu, ban san me na yi musu ba.

To, ga inda maganar take. Ranar da na fara gaya miki na yi shuka, cewa kawai na yi na shuka wata kabewa. Kika ce zukinin? Ni ban faɗi sunan ba. Lahadin da ta biyo kika ce in kula, a shayar da gindi ba ganye ba, kalma bayan kalma yadda yake a littafin da ba ki taɓa gani ba. Ke da kika kashe duk furen da aka taɓa ba ki a tukunya! Da na yi miki kukan ruɓewar nan kika ce ba ki sani ba, amma ranar Laraba sai ga kiranki, ke da ba kya kira sai Lahadi. Kika ce in daina tsinke na kan siririn karan, su ne mazan, idan babu su ɗa ba ya tsayawa. Kika ce idan ƙudan zuma ba sa zuwa in samu ɗan buroshi in lakato garin da ke cikin namijin in shafa a cikin macen, da sassafe kafin su rufe. Kina faɗa kina tsayawa kamar mai jiran a ba ta layi na gaba. Kuma kafin ki kashe wayar na ji wani ya yi gyaran murya a kusa da ke, sau biyu a jere, gajere. Shekara ashirin da shida ina jin wannan gyaran muryar ta bangon ɗakina.

Na yi yadda kika ce. Yanzu 'ya'ya suke kamar hauka, wanda ka bari jiya kamar yatsa jibi ya kai kamu guda. Mun ci, mun raba wa layi, har mai shagon bakin titi yana ɓuya idan ya hango ni da leda. Ni dai ba na jin ɗanɗanonsu. Na gaya wa mamanki abin da nake zato, ta riƙe hannuna ta roƙe ni kada in tambaye ki. Ta ce muddin ba a tambaya ba tana da ɗa. Shi ya sa ba ta san da wannan takarda ba, kuma ni da kaina zan kai ta gidan waya.

Ki gaida maigidanki, ki ce ina godiya da jar hular, ta yi min daidai. Ki gaida amaryata, ki ce mata idan ba ta daina tsotsar yatsa ba na fasa auren. Abokina kuma a ce masa ina nan ina jiran ya zo mu gwada ƙarfi. Yayanki da matarsa suna gaishe ku, haka gwaggonki.

Mamana, ban ce ki ba ni lambar Auta ba, ban ce ki karya alkawari ba idan kin ɗauka. Ban ma ce ya yafe min ba, ban kai nan ba. Ina tsoro ne, tsoron da ban taɓa ji ba ko a saman bene hawa shida. Idan yana wurinki, ranar Lahadi ki miƙa masa wayar, ba sai ya yi magana ba, ya riƙe kawai in gaya masa na yi kuskure. Idan kuwa a waya kika karanto duk shawarwarin nan, kuma maigidanki ne ya yi gyaran muryar, to ki rubuto min ta adireshin yayanki. Ni kaɗai za ki gaya wa. Mamanki kuma ki bar ta da zatonta, ki ci gaba da ba ni shawarar shuka duk Lahadi tana ji, yadda kika saba, kina tsayawa a tsakiya.

Allah ya yi miki albarka.

Ni ne,
Babanki