Ni Na Juya Wayoyin Jirgin Baba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni ce Khairiyya, 'yar marigayi Malam Tajuddeen mai gyaran rediyo a Gwandu. Shekarata goma sha shida. Ina rubuta wannan da hankalina cikakke, yau ba zazzaɓi a jikina, kuma ba wanda ya sa ni. Ranar Asabar za a kai ni asibiti Sakkwato a cire mini saifa. Na ji likita yana gaya wa Inna a bayan labule cewa jikin mai sikila ba kullum yake ɗaukar wuƙa ba. Rai na Allah ne.

Zuwa gare ku, Bashir da Kabiru da Halima Sadiya. Ƙannena ne ku, amma tunda Inna take wuni kasuwa ni nake muku wanka da abinci, Halima kuwa a bayana ta girma. Don haka ku bar ni in yi muku magana kamar 'ya'yana.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Farfelar ɗan jirgin ruwan wasa na Baba da ta faɗa tafkin Kalgo, ba Kabiru ya yar da ita ba. Ni ce.

1. Ga yadda aka yi. Kun san Baba ya haɗa jirgin nan da gwangwanin mai da ɗan injin tsohon rediyo mai kaset. Sandar da ke juya farfela tsinken tayar keke ce, ta bi ta cikin bututun biro ta fito baya. Farfelar kuwa ta tagulla ce mai kunne uku, ya like ta da dalma a kan ɗan notin tsinken, ana murɗa ta a bakin sanda. Ita ce abu na ƙarshe da ya yi da hannunsa.

Ranar jajibirin Babbar Salla da hantsi kuna wurin aski, ina shara, jirgin ya zamo daga kan akwati na taka farfelar, kunnuwanta suka kwanta. Na ɗauki filaya na sake lanƙwasa su, ban lura ba ashe na karkata su ta ɗaya gefen. Da na gwada a baho sai jirgi ya yi baya. Na ji tsoron in na sake lanƙwasawa za su karye. Sai na cire wayoyin batir, na sa ja a wurin baƙa, baƙa a wurin ja. Jirgi ya yi gaba. Na goge shi na mayar kan akwati.

Sai daga baya na gane abin da na aikata. Yadda Baba ya haɗa shi, duk juyin da sanda ta yi, ruwa na ƙara ɗaure farfela. Da na juya wayoyi, sanda ta koma juyawa ta inda noti ke kwancewa. Ko da ƙarfin wa aka ɗaure ta, sai ta fita.

2. Kabiru, washegarin Salla a tafkin bayan gidan Kawu a Kalgo, ina tsaye na ga ka ɗaure ta har yatsunka suka yi ja. Jirgi ya yi tafiya kamar taku ashirin, sai inji ya ɗaga kuka, jirgi ya tsaya. Kun shiga laka har la'asar kuna lalube. Da Bashir ya ce maka, a gaban yaran unguwa, “Hannunka na kuturu ne, ko abin Baba ba ka iya riƙewa,” ya kuma mare ka, ina nan. Bakina ya yi nauyi. Ka ce, “Wallahi ban ƙara kwana gida guda da kai,” ka zauna Kalgo. Yau wata takwas. Duk zuwan da na yi da niyyar faɗa maka, sai in gaishe ka in tambayi makaranta in dawo. Ka yafe mini. Wannan shi ne babban abin da nake roƙo a takardar nan, sauran duk bayansa suke.

3. Bashir, kai ne babba bayana. Ka je Kalgo da ƙafarka, kada ka aika, kada ka jira Inna ta tura ka. Ka ba shi haƙuri a gaban Kawu. Na san za ka ce ba ka sani ba. Gaskiya ne, laifin rashin saninka nawa ne. Amma marin da kalmar naka ne. Inna tana zuba tuwo kwano huɗu har yanzu, sai ta tuna ta juye ɗaya. Ba ta faɗa, ni nake wanke kwanonin.

4. Jirgin yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Na mayar da wayoyin yadda Baba ya bar su, na ɗaura jan zare a kan wayar da ke zuwa dama don kada a sake rikitawa. Gangar jirgin da batir na Bashir ne. Inji da sanda da filayar Baba na Kabiru ne, domin shi ya fi mu duka hannu, Baba ma ya sha faɗa.

5. Halima Sadiya, a cikin gwangwanin allurata akwai sabuwar farfela. Daga ragowar tagullar Baba na yanka ta, sai a ta huɗu ta yi daidai. Taki ce. Ba ta kai ta Baba kyau ba, kunne ɗaya ya ɗan fi sauran faɗi, amma na gwada ta a baho sau da yawa ba ta fita ba. Kada ki ba ɗayansu shi kaɗai. Sai ranar da suka zo miki tare. Hijabina mai ruwan toka da allona da littattafaina na aji shida su ma naki ne. Ki wuce inda na tsaya. Kuma ki riƙa magana, ƙanwata. Kada ki gaje ni a nauyin baki. Mutane suna yabona da kunya, ga abin da kunyar ta jawo.

6. Yadda ake ɗaura farfela, ku riƙe shi ko ba na nan. A goge bakin sanda da tsumma, kada maiƙo ya taɓa shi, man shafawa cikin bututu kawai ake sa shi don ya tare ruwa. A murɗa farfela da yatsu har ta tsaya, sannan a ƙara kaɗan da filaya, ba da fushi ba. A bi bayanta da noti na biyu a matse su da juna. Wannan Ɗanjuma mai gyaran keke na bakin tasha ya koya mini. Da na je neman noti ya ce, “Ke ɗiyar Malam, keken aljanu kike haɗawa ne?” Ya ba ni guda shida bai sake tambaya ba. Ku gaishe shi, ku ce na gode.

Kafin a sa jirgi a ruwa, a sassauta farfela, a riƙe ta da yatsa biyu, a kunna inji. In ta shige ciki ta ɗaure kanta, daidai ne. In ta fara fitowa, a kashe. Idan kuma jirgi ya yi baya, kada wanda ya taɓa waya. A yanka wata farfela, a karkata kunnuwanta ta ɗaya gefen. Ya fi wahala, ya fi cin lokaci. Da shi na yi, da yanzu Kabiru na gida.

7. Ku kula da Inna. Ba ta son a ga tana kuka, in kun ga ta shige madafa ta daɗe, ku bar ta, amma kada ku yi nisa. Ku ɗebo mata ruwa ba sai ta ce ba. Ku riƙa yi wa Baba addu'a bayan kowace salla, in ta Allah ta kasance ku haɗa da ni.

Allah ya yi muku albarka, ya raya ku cikin imani, ya ba ku lafiyar da ban samu ba. Ku huɗu kuka rage har da Inna, ku zauna gida ɗaya, ku ci kwano ɗaya. Wanda ya yi kuskure a cikinku ya faɗa tun ranar, kafin wani ya ɗauki nauyinsa.

Da na fara rubutun nan, niyyata in sa shi cikin akwati in ba Inna makulli, a buɗe sai in ban dawo ba. Ta haka ba zan ga fuskar kowa ba. Amma malamarmu ta Islamiyya ta taɓa cewa ba a yi wa magaji wasiyya, abin da kake son ba shi ka ba shi da hannunka tun kana raye. Yafiya ma ina ganin haka take. In kuma na dawo lafiya, na san kaina, zan ƙone takardar in ci gaba da shiru.

Don haka na roƙi Kawu ya zo da Kabiru ranar Juma'a bayan masallaci, na ce ina son ganinsa kafin tafiya, ban faɗi dalili ba. Bashir zai karanta, a tsakar gida, a gaban Inna. Ni kuma zan zauna a kan tabarma inda kowa zai gan ni, ba zan shiga ɗaki ba har ya kai ƙarshe.

Addarku,
Khairiyya