Ni na wanke Hajo, na ga bayanta

Assalamu alaikum masu wannan fili da masu karanta shi. Ni tsohuwa ce mai jikoki, ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba, bakina ne wani hannu ke bi. Ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine mini.

A Gamkalle ni ke wanke gawar mata. Wadda ta koya mini aikin ta ce mai wanka ido gare ta, ba ta da baki, abin da ta gani ƙarƙashin zane da shi za a binne ta. A kan haka na tsufa, har farin nan ya zo.

Akwai maƙwabciyata Hajo, mai sayar da salati. Da lambu ya ƙone, 'yan sanda suka kama ta tana auna jar dawar taimako a kasuwa, wadda soja masu mulki suka hana sayarwa. Suka kai ta komisariya. Da aka maido ta ba ta iya tsayuwa, kafin la'asar ta cika. 'Yan sanda suka ce lafiya lau suka sake ta, mijinta Idi direba ne ya doke ta don ta kunyata shi. Yanzu yana kaso, yana jiran alƙali.

Ni na wanke ta. Na ga shatar ankwa a hannayenta, na ga tafin ƙafafunta sun fashe, na ga tambarin ƙarfen ɗamara a bayanta, irin ɗamarar da ke rataye a gidana. Don ɗana na fari ɗan sanda ne a komisariyar nan, shi ke ciyar da mu. Wane direba ke da ankwa?

Na tare ɗan nawa na ce, "Ɗan nan, wa ya taɓa Hajo?" Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Inna, abin da muka faɗa shi ne ya faru. Dawarta kuwa, tuwonta kika ci jiya, har kika ce ya yi laushi."

Sai ga uwar Idi daga Dogon Dutsi, ta durƙusa ta kama ƙafata. "Yaya, ke kaɗai kika ga jikinta. Ki gaya wa alƙali." Na ce mata mai wanka ba ta da baki. Da a nan na tsaya, da sauƙi. Amma mutane na kallo, tsoro ya kama ni, sai na ƙara da cewa, "Je ki tambayi ɗanki da wane hannu ya yi." Ta saki ƙafata a hankali. 'Yar Hajo babba tana wurin, ta ji. Tun ranar, in an ambaci ubanta sai ta tofar da yawu.

In na buɗe baki, soja ba sa yafiya, ɗana ya tafi kaso, jikokina su kwana da yunwa, kuma babu gidan da zai sake ba ni gawarsa. In na yi shiru, Idi zai ruɓe a kaso, 'ya'yansa na tsine masa da bakina. Jama'a, me zan yi?