Kujera Ɗaya, Fasinja Biyu

Salamu alaikum Anti Kubura. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Watanni bakwai da gama bautar ƙasata, na sami aiki a wani kamfanin motocin safa a Sabon Gari, masu zuwa Anacha. Maigidanmu, Oga Okechukwu, ya ga wasu kamfanoni suna sayar da tikiti ta waya, ya ce in yi mana manhaja irin tasu. Na tambaye shi tsarin da za mu bi, ya ce ai don haka ya ɗauki mai digiri. Mako shida na yi ina haɗa manhajar, na gwada ta sau goma sha ɗaya, ba kuskure.

Ashe Madam Comfort, wadda ta shekara sha tara tana yankar tikiti, da baki take ajiye wa matan kasuwa kujerun gaba, ba ta rubutawa. Ranar Talata da muka fara aiki da manhajar, kujeru tara suka sami fasinja bibbiyu. Wata dattijuwa mai ciwon gwiwa ta zauna a ƙofar mota ta ƙi tashi. Mun yi jinkirin awa uku da minti ashirin.

Yanzu Oga ya ce Juma'a in rubuto masa: ko manhaja, ko Madam. In na ce manhaja, na raba uwar 'ya'ya huɗu da abincinta, ita da ke sam mini nata ranar da ban karya ba. In na ce Madam, zaman me zan yi? Wallahi na rasa mafita.

Mai fargaba, Rijiyar Lemo.

Wa alaikas salam, ɗana. Sau sha ɗaya ka gwada manhaja, ba ka zauna kusa da Madam ko sau ɗaya ba. Nan ka kuskure. Shi ma maigidan ya ga riga a jikin maƙwabci, ya ce a ɗinka masa ba awo. Amma tsoronsa gaskiya ne, masu sayen tikiti ta waya ƙaruwa suke.

Gobe ka sami Madam, ka ba ta haƙuri, ta lissafo maka matan nan. Ku bar kujerun gaba a hannunta, sauran a waya, a gwada wata uku. Ku kai wa maigidan takardar tare, ka nuna masa in Madam ta tafi, matan bin ta za su yi.

Ban ce lallai zai yarda ba. In ma ya ƙi, za ka iya haɗa ido da ita. Allah ya yi maka jagora.