Hular da Ta Ƙi Ƙarewa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki, autarki ce daga Riyad, inda har yau nake aikin jinya a wani asibiti a unguwar Shumaisi.

Jikarki Hanan ce ta jawo wasiƙar nan. Ba ki san ta ba. Nan aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, Hausar kuwa sai an yi da gaske. Shekaranjiya na dawo daga aiki a gajiye, ta tare ni da tatsuniyoyin matan sarakunan Girka da ta karanto. Inna, matan nan ba su da dama. Wata ta bi baƙo ta bar mijinta har aka yi yaƙi a kanta, wata kuma ta kashe nata mijin ranar da ya dawo daga fagen fama. Tana ta zuba, ni ina gyangyaɗi.

Sai ta zo kan wadda mijinta ya tafi yaƙi ya daɗe, manema suka cika mata gida. Ta ce su jira ta gama saƙar da ke hannunta. Kullum sai ta saƙa a gabansu, idan sun watse ta warware. Nan take barcin ya gudu. Na ce a raina, ashe Girkawa ma sun san dabarar Inna.

Kin tuna bayan kin fita takabar Baba? Manema suka fara aike, Baffa kuwa ya riga ya raba mu da baki: ranar da kika yi aure, Yaya Sani gidansa, Yaya Binta wajen Gwaggo a Funtua, ni kuma duk wanda ya ga zai iya. Ba ki yi musu da kowa ba. Kika ɗauko hular da kika fara ɗinka wa Baba, kika ce ba za ki saurari kowa ba sai kin ƙarasa ta kin bayar sadaka, ladan ya kai masa.

Da la'asar ki zauna a tsakar gida da allura, inda duk mai shigowa zai gan ki. Da sassafe kuwa, kafin a buɗe ƙofa, sai reza. Ni ke share guntayen zaren, ina ta jin haushin matan unguwa masu cewa hannunki ya mutu. Na taɓa tambayarki, kika ce, "Zaren ne ba shi da kyau, auta."

Ita sarauniyar, in ji Hanan, mijinta ya dawo. Naki ba mai dawowa ba ne, kin kuma sani. Girmanmu kike jira. Satin da na samu gurbi a makarantar jinya kika ƙarasa hular, kamar da wasa.

Na ba Hanan labarinki da Hausa, ban sa Larabci ko kaɗan ba, ta kuwa saurara har ƙarshe. Ta tambaye ni da Hausarta mai ɗingishi ko ke ma sarauniya ce. Na ce mata ɗaki ɗaya gare ki da yara uku, kuma ba ki bari an ɗauke ko ɗaya ba.

Na gode, Inna. Wallahi na gode, kuma ina kewarki.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna, Ya tara mu duka wuri ɗaya kamar yadda kika tara mu a ɗakin nan.

Autarki mai share zare,
Rakiya