Shekaru Huɗu da Saja Ya Ara

Daga Babban Kwamanda mai kula da takardun tsofaffin sojoji, zuwa ga Hajiya Babba, yayar Saja mai ritaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ofishinmu yana tambayar lafiyarki da ta gwiwar nan ta hagu, wadda rahoto ya zo mana cewa ta koma hana ki ruku'u. Allah ya yaye, ya ƙara miki tsawon rai mai amfani, ya bar ki a kan jikokinki kina yi musu faɗa. Ana umartar wadda take karanta miki wannan takarda ta gyara zama, ta daina murmushi, maganar hukuma ce. Jami'anmu sun leƙa gidan ƙanenki sun tarar kowa lafiya. Matar Kawu Direba ta sauka, an samu namiji, ya zo da kunnuwan gidanku cif. Gwaggo Tela ta sake keken ɗinki, maƙwabta sun huta da ƙarar tsohon. Akwai kuma wani jikan Saja mai gyaran babur, kyakkyawa, mai hankali, wanda hukuma take ganin ba a yaba masa yadda ya kamata a dangi.

To, ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Ciwon yanar ido ya rufe idanun Saja. Na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu inuwa kawai yake gani. Shekaranjiya ya yi wa tulun ruwa sallama, ya tsaya yana jiran amsa. Likitan asibitin tsofaffin sojoji ya ce aikin ba wuya, amma zai rufe jerin waɗanda za a yi wa a ƙarshen watan gobe. Da aka je sa sunansa, sai na'ura ta ƙi. Shekarar haihuwar da ke kan katin shaidarsa daban, wadda ke kan takardar sallamarsa daga soja daban, tsakaninsu shekara huɗu. A wurin na'ura, waɗannan mutum biyu ne, kuma ba ta san wanne ne ya yi yaƙi ba.

Ranar Talata jikan nan ya kawo shi ofishinmu a bayan babur. Saja ya sa rigarsa mai aljihu biyu, ya goge takalmi da lalube, ya riƙe takardar cikin ledar nan da ta girmi rabin gidan. Suka zauna a benci tun hantsi, ƙarƙashin fankar da take juyawa kamar an roƙe ta. Da layi ya zo kansu a taga ta uku, ma'aikaciyar, wata mai tabarau, ta duba takardun ta ce wannan ai da sauƙi. Ta turo fom ta nuna wani ɗan gurbi, ta ce a sa alama a nan cewa kuskuren magatakarda ne, a dangwala hannu, cikin mako biyu an gyara. Ta ce haka kowa yake yi. Jikan har ya buɗe tawadar dangwale.

Saja ya ce a sake karanta masa gurbin. Aka sake. Sai ya janye hannunsa ya sa a aljihu. Ya ce magatakardan bai yi kuskure ba. Ya ce yana tuna shi sarai, wani dogo mai guntun yatsa, wanda ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tambaye shi shekarar haihuwarsa har sau uku, kamar mai ba shi hanyar komawa gida. Sau uku shi Saja yana maimaita masa ƙarya. Ya ce mutumin ya daɗe a kabari, ba zai iya tashi ya kare kansa ba, shi kuma ba zai sayi ido da sunan mamaci ba. Jikan ya taka masa ƙafa a hankali, Saja ya rama da sanda, ba a hankali ba.

Nan ya ba da labarin da ko 'ya'yansa ba su taɓa ji ba. Ya ce shekararsa goma sha biyar lokacin, mahaifinku bai daɗe da rasuwa ba, ya lissafa ya ga in ya tafi soja bakin da za a ciyar ya ragu da ɗaya. Ya cusa tsumma a takalmi don ya ƙara tsawo. Da aka tambaye shi shekara, ya rasa wadda zai faɗa ta isa, sai taki ta faɗo masa, domin ita ce mahaifiyarku take yawan ambata. Hajiya, shekararki ya ara. Fiye da shekara sittin ke nan hukuma tana ɗaukar ku tagwaye, ba ki sani ba.

Da ya gama, ma'aikaciyar ta ajiye biro ta cire tabarau, ta ce tunda take aiki a tagar nan ba ta taɓa ganin wanda ya kawo ƙarar kansa ba. Wani tsohon soja mai ƙafa ɗaya da ke bayansu ya dafa bango ya miƙe, ya sara masa. Shi kuwa Saja bai ma gani ba, yana ta laluben bakin ledarsa. Ni kaina, duk da girman muƙamina, sai da na juya ina kallon fanka.

Ma'aikaciyar ta ce tunda ya ƙi gajeriyar hanya, saura doguwa. Zai sa a rubuta cewa shi ya faɗi ba daidai ba, ya yi hakan nan take. Sannan sai wani ɗan uwansa na jini da ya girme shi ya zo da kansa ya yi rantsuwa a gaban jami'i cewa ya san shekarar da aka haife shi. Ta tambaya ko akwai mai rai. Saja ya ce akwai, mutum ɗaya, amma kada a taɓa ta. A hanyar komawa ya gaya wa jikan cewa ranar da ya gudu kin bi shi tasha ba takalmi, ya hango ki ta tagar mota ya sunkuyar da kai. Ya bar miki uwa mai jinya da ƙanne uku. Ya ce tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninku, kuma ke ce da gaskiya. Ya ɗauki shekararki bai tambaye ki ba, ba zai dawo yanzu ya ɗora miki doguwar tafiya da ciwon gwiwa ba. Gara ya ci gaba da gaida tulu.

A gaida Baffa Kafinta da iyalinsa, da Gwaggo Ƙarama, da Auta mai karanta wannan takarda, wadda na san tun layi na biyu ta gano ni.

Kaka, ba wani kwamanda. Ni ne, Ɗan Baƙinki, jikan nan mai gyaran babur, wanda ya taɓa ɗaure miki zani da ƙafar kujera. Ko kofur ban kai ba, bokon ma a jikin allunan shaguna na tsince shi. Na ji tsoro ne in kika ji daga gidanmu takardar ta fito, ki ce a ajiye sai an jima. Muƙamin kawai na ƙirƙira, sauran duk a idona aka yi, kuma Saja bai san na rubuto ba. Ranar da ya ji, ni da sandarsa ne. Ni da nake ƙarya sau goma kafin azahar, na tsaya a gefen mutumin da ya ƙi yin guda ɗaya alhali idonsa ne a kai, har yau kunya ba ta sake ni ba. Kawu Direba ya ce zai zo ya ɗauke ki duk ranar da kika sa, ya ba ki gidan gaba a motarsa. Rantsuwar ba ta wuce minti biyar. In kuma kin ji haushin wannan takarda, kada ki ba Auta saƙon zagi, ba ta iya ba. Ki kawo shi da bakinki kafin ƙarshen watan gobe, zan durƙusa a ƙofar gida in karɓa.

Jikanki mai neman afuwa,
Ɗan Baƙi